Shayar da jariri yana cikin barci kafin ki kwanta: yadda ake yi da wanda ya dace da shi

Jaririn da ya kai wata 2 zuwa 3 yakan fara yin dogon barci guda ɗaya a cikin dare, awa 4 ko 5 a jere, sauran kuma gajeru-gajeru ne. Abin da ke wahalar da uwa shi ne lokacin da yake yin wannan dogon barcin. Yawanci da an yi masa wankan yamma ya sha nono, tsakanin magariba da isha'i sai ya ɓingire. Ke kuwa a lokacin ne hidima take tsakiyarta: ga tuwon dare, ga wanke-wanke, ga yayyensa da ba su kwanta ba, ga maigida ya dawo. Kafin ki kai haƙarƙarinki ƙasa ƙarfe 11 ta yi, shi kuma ya riga ya ci awa 3 daga cikin barcinsa. Sha biyu da rabi ko ƙarfe ɗaya, daidai lokacin da barci ya fara yi miki daɗi, sai ki ji kukansa. Ƙarfe 3 ya sake tashi, asuba kuma ba ta jiran kowa.

Dabarar da nake son bayyana miki mai sauƙi ce. Kafin ki kwanta, wajen ƙarfe 10 zuwa 11, ki ɗauko shi a hankali ba tare da kin tashe shi sosai ba, ki ba shi nono yana gyangyaɗi, ki mayar da shi. Cikinsa ya cika a lokacin da ke za ki rufe ido, saboda haka dogon barcin nasa sai ya faɗo daidai da naki. Maimakon ya tashi ƙarfe 1, sai ya kai 3 ko 4.

Ki riƙe wannan tun daga farko, 'yar uwa, don a kansa komai ya ginu: ba nono ake rage wa jariri ba, lokacin shansa ake matsarwa. Abin da zai sha ƙarfe ɗayan dare yana kuka, shi ne kike ba shi ƙarfe goma da rabi cikin natsuwa. Duk wadda ta ɗauki abin a matsayin hanyar hana jariri nonon dare ta ɗauke shi a karkace, kuma ɗanta ne zai ji a jikinsa.

Shin abin yana aiki?

A wani gwaji da aka wallafa a shekarar 1993, wasu masu bincike a Amurka sun gwada shi a kan iyalai 26 masu haihuwar fari, dukkansu masu shayar da nonon uwa. Rabinsu an koya musu abu uku: su shayar tsakanin ƙarfe 10 da 12 na dare, su riƙa ɗan jinkirta shayarwar tsakar dare da rarrashi ko canza kunzugu, su kuma bambanta wa jariri dare da rana. Da jariran suka kai mako 8, duk na wannan rukunin suna yin barci daga 12 zuwa 5 na asuba, a ɗaya rukunin kuwa kashi 23 cikin 100 ne kawai. Kuma jimillar nonon da suke sha a awa 24 bai ragu ba, sun riƙa ramawa da sassafe. Sai dai iyalai 26 ba su da yawa. Da aka yi wani gwajin makamancinsa a Ingila da iyaye mata sama da 600, aka wallafa a 2001, ribar da aka samu ta tsaya a kusan kashi 10 cikin 100.

Ni abin da na fahimta daga nan shi ne dabara ce mai taimako ga wasu jarirai, ba ga kowa ba, kuma ba ita kaɗai take aiki ba, sai an haɗa da duhu da shiru da dare, haske da hayaniyar gida da rana. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Gwadawa ba ta cin kuɗi, kuma cikin mako guda za ki san ko ta karɓi naki.

Wane jariri, kuma yaushe

Kada ki yi gaggawa a kwanakin farko na jego. Sabon jariri yana buƙatar nono sau 8 zuwa 12 a awa 24, cikinsa ƙarami ne, kuma bai san dare ba bai san rana ba. Yakan ɗan rame a kwanakin farko, sannan ya dawo nauyin haihuwarsa wajen kwana 10 zuwa 14. A wannan lokacin ma idan ya zarce awa 3 zuwa 4 yana barci, tashinsa ake yi sosai a ba shi ya sha, musamman idan yana da ciwon shawara, don ita shawara tana sa jariri yawan barci da kasalar tsotso.

Lokacin da ya fi dacewa a fara shi ne bayan arba'in, daga mako 6 zuwa 8, lokacin da jikinsa ya fara rarrabe dare da rana. Akwai ma'auni a hannunki: allurar rigakafin mako 6. Idan kin je, ki sa a ɗora shi a sikeli, ki tambayi ma'aikaciyar jinya ko nauyinsa yana hawa yadda ya kamata a katinsa. In ta ce lafiya lau, kuma yana jiƙa kunzugu aƙalla sau 6 a awa 24, kin sami izini. Amma ki bari a kwana biyu ko uku bayan allurar, don zafin jiki da ƙiriniyar da ke biyo bayanta za su rikita miki lissafi.

Bakwaini, da wanda aka haifa ƙarami sosai, da wanda nauyinsa ya tsaya, da mai yawan tumbuɗi mai sa shi kuka da gantsarewa, da mai wata lalura a numfashi ko haɗiya, duk waɗannan sai da shawarar likita. Mai mura da hanci a toshe ma a jira ya warke, domin jariri da hanci yake numfashi yayin tsotso.

Akwai kuma wanda ba ya buƙata sam. Idan ɗanki yana kwanciya ƙarfe 8 ko 9 ya zarce har 3 ko 4 da kansa, ki ƙyale shi. A nan maganar iyayenmu mata da ke cewa ba a tada jariri daga barci gaskiya ce, kuma taɓa shi ba abin da zai ƙara miki sai ɓata abin da yake tafiya daidai.

Kafin daren farko

Ki ɗauki kwana 3 kina lura kawai. A wayarki ko a bayan wata takarda ki rubuta ƙarfe nawa ya sha na ƙarshe, ƙarfe nawa ya yi barci, ƙarfe nawa ya fara tashi, sau nawa ya tashi kafin asuba. Mai jego ba ta tuna dare daidai, gajiya takan haɗa mata jiya da shekaranjiya. In babu wannan rubutun, bayan mako ba za ki iya cewa an ci gaba ko ba a ci ba.

Daga nan ki tsayar da lokaci. Ya zama awa 2 da rabi zuwa 3 bayan shansa na ƙarshe, kuma dab da kwanciyarki. Wanda ya sha ƙarfe 7 da rabi, nasa ya kama 10 ko 10 da rabi. Ki yi ƙoƙari kada ya wuce 11 da rabi. In ya kai tsakar dare, ke kin hana kanki barci kina jira, shi kuma kin shiga masa cikin lokacin da kike so ya saba da yin shiru. Kuma kada ki saita ƙararrawa ki kwanta sannan ki tashi domin wannan. In kin riga kin yi barci ƙarfe 9, ki ci gaba da abinki, riba ce.

Ki gama komai tukuna: sallah, kulle ƙofa, shiga banɗaki, shan ruwa. Ki ajiye tsumman goge baki da kunzugu ɗaya kusa. Hasken ɗaki ya zama kaɗan, iya yadda za ki ga bakinsa. Tocilar waya da aka kifa a ƙasa ko aka juya wa bango ta isa. Kada hasken ya doki fuskarsa, kuma rediyo da talabijin a kashe.

Ɗaukarsa da ba shi nono

Ki tsaya a kansa ki ɗan dube shi kafin ki taɓa shi. Barcin jariri hawa-hawa ne, yana zagayowa kusan kowane minti 50 zuwa 60. Akwai mai nauyi: jiki ya saki, numfashi a daidaice, in kin ɗaga hannunsa ya faɗo yaraf. Akwai mai sauƙi: idanu na motsi a ƙarƙashin fatarsu, leɓe na mamular iska, yana ɗan gurnani ko murmushi, yatsu na buɗewa suna rufewa. Wannan na biyun shi kike nema. In kin same shi cikin mai nauyi, ki ba shi minti 10 ko 15 ki dawo. Yawancin waɗanda suka ce sun gwada yaro ya ƙi kamawa, a mai nauyin suka ɗauke shi.

Ki zura hannu ɗaya ƙarƙashin wuyansa da kansa, ɗaya ƙarƙashin ɗuwawunsa, ki ɗago shi a hankali ki manna shi da ƙirjinki. Ba magana, ba kiran suna, ba wasa. Ki zauna ki jingina bayanki, ki riƙe shi cikinsa na fuskantar cikinki, kansa ya ɗan fi sauran jikinsa tudu. Wannan tudun ba abin wasa ba ne. Jaririn da ke gyangyaɗi ba ya haɗiya da kuzarin wanda yake a farke, in kansa ya yi ƙasa zai iya ƙwarewa.

Sai ki matso ɗigo ɗaya ko biyu na nono a kan nonon, ki shafa a leɓensa na sama, ƙarƙashin hanci. Ki jira. Za ki ga hancin ya ɗan motsa, kai ya juyo, baki ya wangale kamar mai hamma. A daidai wannan buɗewar ki jawo shi gare ki, kada ke ki sunkuya gare shi, ya kama har da baƙin da ke kewaye da kan nonon, leɓen ƙasa a waje, haɓarsa ta taɓa nono. Kada ki tura masa da ƙarfi a bakin da yake rufe. In bai buɗe ba, ki shafa kumatunsa da yatsa, ko ki sosa tafin ƙafarsa, ko ki ɗan yaye masa mayafi iska ta taɓa shi. In duk bai yi ba, ki canza masa kunzugu, wannan yakan farkar da shi daidai gwargwado. In har yanzu shiru, ki mayar da shi ki kwanta. Gobe ma rana ce.

Da ya kama, ki sa ido a muƙamuƙinsa da gindin kunnensa. Tsotson gaske yana da zurfi: haɓa ta sauka, ta ɗan tsaya, ta koma, kunne na motsi, kina jin ƙaramin sautin haɗiya. Mamula kuwa leɓe ne kawai ke rawa, babu abin da ke wucewa. In ya koma mamula, ki tallabi nonon ki matsa shi a hankali nesa da kan, ruwan ya ƙara gudu, sai ki ga ya ci gaba. Minti 5 zuwa 10 na tsotson gaske a ɓangare ɗaya yakan wadatar. Ki miƙa masa ɗayan, in ya karɓa to, in ya ƙi kada ki matsa. Idan ya yi tari ko ya ƙware, ki cire shi nan take ki ɗaga shi zaune. In abin yana maimaituwa dare bayan dare, ki daina shayar da shi cikin barci ki kai shi a duba.

Idan ya buɗe ido ya dube ki, ba abin da ya lalace. Kada dai ki yi masa hira. Ki kawar da kai, ki bar shi ya sha, zai koma.

Gyatsa da mayar da shi

Ki ɗora shi a kafaɗarki a miƙe, kina shafa bayansa daga ƙasa zuwa sama. Shafa, ba bubbugawa ba. Wanda ya sha cikin natsuwa bai cika haɗiyar iska ba, saboda haka in gyatsa ba ta zo ba bayan 'yan mintoci, ba dole ba ce. Mai saurin tumbuɗi ki riƙe shi a miƙe minti 10 zuwa 15. Kunzugu kuwa, in ba kashi ya yi ba ko ya jiƙe sharkaf, ki bar shi. In za a canza, a canza kafin nono, ba bayansa ba.

Wajen kwantarwa ki fara sauke ɗuwawunsa, sannan baya, kai ya zo ƙarshe, ki bar tafin hannunki a ƙirjinsa na ɗan lokaci kafin ki janye. A rigingine za ki kwantar da shi, kullum, ko da ya sha ya ƙoshi. Na san tsoron da ake yi, wai zai yi tumbuɗi ya shaƙe. Jariri mai lafiya da ke rigingine yana haɗiye abin da ya taso ko ya fitar da shi, kuma kwanciyar rubda ciki ita ce aka tabbatar tana ƙara haɗarin mutuwar jarirai farat ɗaya cikin barci. Shimfiɗa ta zama mai tauri kuma a miƙe, ba matashi, ba lallausan bargo kusa da fuska. Ki soke gidan sauro da kyau, ki tabbata bai zubo kan fuskarsa ba. Da hunturu ki sa masa kaya masu ɗumi maimakon tula masa mayafai, kuma kada a bar garwashi a ɗakin da aka rufe.

Wani abu da nake roƙonki da shi: barci ɓarawo ne, kuma ƙarfe 11 na dare ya fi iya sata. Kada ki yi wannan shayarwar a kan kujerar kushin ta falo in kin san idonki ya yi nauyi. Uwa ta yi barci da jariri a kan kushin ya fi kowane irin kwanciya haɗari, don yakan zame ya shige lungu ya kasa numfashi. Gara ki zauna a kan katifa da aka kawar wa matasai da barguna. Wurin kwanansa mafi aminci shi ne nasa shi kaɗai a gefen gadonki. In kuwa shimfiɗa ɗaya kuke kwana, kamar yadda gidaje da yawa suke, to kada a sa shi tsakanin yayyensa, kada ya kwana kusa da mai shan taba ko wanda ya sha magani mai sa barci.

In da fida ne

Nan ne baban jariri ko kakarsa za su iya karɓar ki. Ki tatsi nono da yamma, ki kwanta ƙarfe 9, wani ya ba shi ƙarfe 10 da rabi. Nonon da aka tatsa yana kai awa 4 a ɗaki mai sanyi-sanyi, kwana 4 a firij mai wuta a tsaye. Da zafin bazara, ko inda wuta take zuwa tana ɗaukewa, a tatsa dab da lokacin. Madarar gwangwani kuwa a haɗa ta sabuwa da tafasasshen ruwa mai zafi, a huce ta, a gwada a bayan hannu, abin da ya rage a zubar. Mai bayarwa ya riƙe jaririn kusan a zaune, fidar a ɗan kwance don kada ta yi ta kwarara, ya bar shi yana hutawa. Ba a taɓa tokare fida da matashi a bar jariri da ita.

Kada a zuba koko ko kunu a ciki wai don ya riƙe masa ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗawa, kuma abu mai kauri a bakin mai barci hanyar shaƙewa ce. Zuma sai ya cika shekara. Maganin mura ko na tari da wasu ke ɗura wa jarirai don su yi barci kuwa, wannan ganganci ne da rai, kada ki bari kowa ya yi wa naki.

Sauran dare, da hukuncin mako guda

In ya motsa ƙarfe 1 kamar yadda ya saba, ki ɗan dakata ki saurara. Sau da yawa gurnanin sauya barci ne, zai koma da kansa. In ya ci gaba, ki ɗora masa hannu, ki ɗan jijjiga shi. In kuka ya tabbata na yunwa ne, ki ba shi, ba a ja-in-ja da cikin jariri. Da rana kuma ki buɗe taga, ki shayar da shi duk lokacin da ya nema. Ke ma ki rage goro da shayi mai kauri daga la'asar, don abin da ke hana ki barci a cikinsu yana ratsawa cikin nono.

Bayan kwana 5 zuwa 7 ki ɗauko takardarki. In tashin farko ya matsa da awa ɗaya ko biyu, ko yawan tashin ya ragu, ki ci gaba. In yana nan yana tashi ƙarfe 1 duk da ya sha, to ba yunwa ke tashinsa ba, a duba zafi, sauro, jiƙaƙƙen kunzugu ko sabo. In kuwa shayarwar tana wartsakar da shi ya ƙi komawa, ko tashin ya ƙaru, ki bari kawai. Wajen wata 4 barcin jarirai yakan sauya, wanda yake zarcewa ya koma tashi-tashi, wannan ba laifin dabarar ba ne kuma ba nononki ne ya gaza ba.

Jaririn da ya yi laushi har ba a iya tashinsa ya sha, ko ya ƙi nono sau biyu a jere, ko jikinsa ya kai zafin digiri 38 alhali bai cika wata 3 ba, wannan ba barcin ƙoshi ba ne. Asibiti za a nufa a daren, ba a jiran safiya.

Ga mai dogaro da shayarwa don gudun kwanika, akwai ƙarin amfani. Shayarwa tana hana ɗaukar ciki ne in an cika sharaɗi uku tare: jariri bai kai wata 6 ba, al'ada ba ta dawo ba, kuma nono zalla yake sha ba tare da tazarar da ta wuce awa 4 da rana ko awa 6 da dare ba. Yaron da ya sha ƙarfe 8 ya zarce har 3 ya haura wannan iyakar, shan ƙarfe 10 da rabi kuwa yana raba tazarar. Yana kuma rage miki tashi da nono ya cika ya yi tauri. Duk da haka, da barcinsa ya fara tsawo ki je ki yi magana da ma'aikatan tazarar haihuwa.

Yadda ake dainawa

Tsakanin wata 4 zuwa 6 jarirai da yawa sukan daina buƙatar wannan shan na kafin ki kwanta. Za ki gane in ya ɗauki mako biyu yana kaiwa asuba, ko yana tsotsa sau biyu-uku ya saki, ko da safe ba ya neman nono da zumuɗi. Da haƙora sun fito kuma, madarar da ke kwana a baki tana cin su, musamman ta fida.

Kada ki yanke rana ɗaya, don nononki zai cika ya dame ki. Ki rage minti 2 duk bayan kwana 2 ko 3, mai fida ya rage mililita 30. Ko kuma ki riƙa dawo da lokacin baya da minti 15, daga 10 da rabi zuwa 10 da kwata, zuwa 10, har ya haɗe da shansa na bayan isha'i. In kin daina sai ya koma tashi ƙarfe 1 da yunwa ta gaske, ki mayar masa na mako biyu, sannan ki sake gwada ragewa.